Waken da Sarauniyar Lemu Ta Bari a Wuta

Magomeni, Dar es Salaam
9 ga Fabrairu, 2011

Zuwa ga amaryata, Bibi Mwantumu,

Shikamo, Bibi. Bayan wannan gaisuwa ta jika ga kaka, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da ƙafar nan taki ta hagu da ke sanar da ke zuwan ruwan sama kafin rediyo ya faɗa. In kin manta da mijin naki, ni ne Shomari, jikan yayarki marigayiya Mwanaidi. Rabonmu da juna tun sadakar arba'in ɗinta, shekara uku ke nan, na kuwa san za ki ce miji irin wannan sai a kai shi gaban alƙali. Na kira wayarki sau biyu, kina ta "wa ke magana?" har na gaji, shi ya sa na ba direba Kihampa wannan ya miƙa miki.

Dalilin rubutowa shi ne, shekara huɗu ina rubuta wa wasu barkwanci, su hau talabijin su kwashi tafi, ni ko sunana ba a faɗa. Yanzu wani furodusa, Bwana Lyimo, ya yarda ya ba ni fim nawa na kaina, ni zan rubuta, ni zan ba da umarni. Fim ɗin ban dariya ne a kan gasar sarauniyar kyau a ƙaramin gari. Na yi mako biyu ina ƙirƙira, duk abin da na rubuta bai kama ƙafar labarinki ba.

Ina nufin labarin da Bibi Mwanaidi ta raine mu da shi. Shekarar 1967, zauren taro na Muheza, gasar Sarauniyar Lemu, 'yan mata goma sha biyu. Mai gabatarwa ya ce, "In kika ci wannan gasa, mene ne abu na farko da za ki yi?" Waccan ta ce za ta yaƙi jahilci, waccan ta ce za ta gina asibiti. Ke kuwa kika karɓi makirufo kika ce, "Zan je gida in sauke wake." Bibi Mwanaidi ta ce tana layi na uku da babana a goye, ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Kuma kika ci! Ai har gobe in mutumin Muheza zai zame daga taro, cewa yake bari ya je ya sauke wake.

Ki ba ni izini in yi fim da shi. Zan canza sunaye. Wannan ce damata ta farko, Bibi, ban kuma san ko za a sake ba ni wata ba.

Naki har kullum,
Shomari

Muheza
20 ga Fabrairu, 2011

Zuwa ga angona mai gudun gida,

Marahaba. Na amsa gaisuwarka. Na ga takardarka, na karanta ta sau biyu don in tabbata da gaske ka iya rubutu. Ƙafa tana nan tana aikinta na duban gari. Lemu ya yi fure sosai bana, in Allah ya raba shi da iska. Kihampa ya ce ka rame, wai in ka juya gefe ba a ganinka. Haka ake yi wa miji a birni? Gara ka dawo in ci gaba da haƙuri da kai.

To, fim kake so. Ai ranar nan cike take da abin dariya, sai dai ka zaɓa. Rigata labulen ɗakin matar hedimasta ce, ta ba ni aro da sharaɗin kada a sa mata almakashi, don haka da allura aka naɗa min ita, in na yi numfashi da ƙarfi sai ta soke ni. Takalmin na wata nas ne, ya fi ƙafata, muka cusa masa jarida. Duk takun da na yi sai ka ji ƙwas-ƙwas, mutane suka ɗauka yanga ce. Kambin kuwa wani maƙeri ne ya yanko shi daga garwar kananzir, aka zagaye shi da ganyen lemu. Kwana uku kaina yana warin fitila. Wata 'yar takara, Fatuma Mbelwa, ta shafa man kwakwa a ƙafafu don su yi sheƙi, tururuwa suka biyo ta har kan dandamali, ta yi rawar da ba ta shirya ba. Ɗaya daga cikin alƙalan kurma ne, kowa ta yi magana sai ya ba ta bakwai.

Shekarar da ta biyo baya gwamnati ta hana irin wannan gasa, aka daɗe ba a sake ba. Don haka a Muheza ba a taɓa sauke ni ba. Ka riƙa sanin da wa kake magana. Keken ɗinkin da na ciyo ranar yana nan, da shi na yi wa babanka wandon makaranta, da shi nake ci har yau.

Duk waɗannan na ba ka, ka yi yadda kake so da su. Maganar wake kuwa, ka bar shi a inda yake. Ya daɗe a wuta, ba ya bukatar ka ƙara masa itace.

Ka gaida mutanen gidanku. Ka ci abinci.

Matarka da ka yi wa yaji,
Mwantumu

Magomeni
6 ga Maris, 2011

Sarauniyar da ba a sauke ba,

Shikamo, ranki ya daɗe. Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Na ci abinci, Kihampa ne shaida, a gabansa na cinye faranti biyu don ya kai miki rahoto.

Bibi, na karanta wa 'yan wasa takardarki, Siwema wadda za ta fito a matsayinki sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Labule, jarida, tururuwa, kurman alƙali, duk sun shiga. Kin ce in bar waken a inda yake, kada in ƙara masa itace. Na gane, kuma kin yi gaskiya. Da ma na so in yi masa kwalliya, in ƙara wasu kalmomi, amma na bar shi daidai yadda ya fito daga bakinki, a ƙarshen fim, inda ya fi daɗi. Har sunan fim ɗin ya samu: Wake a Wuta. Lyimo ya ce sunan kaɗai zai sayar da faifai.

Ga yadda na tsara ƙarshen. Yarinyar ta ba da amsa, zaure ya ruɗe. Ta juya za ta sauka, mai gabatarwa ya riƙo hannunta ya ce, "Tsaya, na baya ba su ji ba, maimaita!" Ta maimaita har sau uku, kamar yadda Bibi Mwanaidi ke faɗa, kowane karo dariya ta fi ta baya. Na sa mata ƙawa a layi na uku da goyo, mai dariya har ɗankwali ya faɗi, don tunawa da Bibi Mwanaidi. Sai kambi, sai hotuna, sai kiɗa, fim ya ƙare kowa yana riƙe da ciki.

Abu ɗaya nake roƙo. In kina da wani tsohon zani na zamanin, ki ara mana, Siwema ta ɗaura a fitowar da take ɗora tukunya a gida. Ina so wani abu naki ya shiga fim ɗin.

Mijinki mai biyayya,
Shomari

Muheza
15 ga Maris, 2011

Zuwa ga Shomari Mhina,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na gode. Ina lafiya. Ina fata aikinka yana tafiya yadda kake so.

Na ga abin da ka tsara. Kai ne mai fim, ka fi ni sanin aikinka. Ba ni da tsohon zani, amma na je kanti da ƙafata na zaɓo maka sabon zanin kanga turmi ɗaya, Kihampa zai ba ka. Ka duba shi da kyau.

Allah ya ba da sa'a.

Mwantumu Semkiwa

Magomeni
24 ga Maris, 2011

Amaryata,

Shikamo. Lafiya lau muke, sai gajiya. Kangan ya iso, na gode ƙwarai. Na duba shi ta cikin ledarsa, ruwan lemu da baƙi, daidai da fim ɗin, wa ya ce ba ki da ido? Sabo ne dal, amma za mu wanke shi sau uku ya tsufa. Na ajiye shi sai ranar ɗaukar fitowar gida, ita ce ta ƙarshe.

Takardarki gajeriya ce wannan karon, har da cikakken suna kamar ta ofishin haraji. Ko kin yi sabon miji ne?

Shekaranjiya muka ɗauki fitowar zaure. Mutum ɗari biyu muka tara, ba mu gaya musu amsar ba, don haka dariyar da kyamara ta kama ta gaske ce. Mai riƙe da kyamarar ma sai da ya girgiza ta. Da kina nan, Bibi!

Naki,
Shomari

Magomeni
11 ga Mayu, 2011

Bibi Mwantumu,

Shikamo, Bibi. Ina fata kina lafiya. Mako bakwai ke nan ban ji daga gare ki ba. Na kira, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka. Kihampa ya ce yana ganinki a bakin shago kina ɗinki, in ya ce ko akwai saƙo sai ki ce babu. Da farko na ɗauka hidimar lemu ce.

Ruwan sama ya hana mu fitowar gida sai jiya. Na miƙa wa Siwema ledar, ta warware zanin za ta ɗaura, sai na ga ta tsaya tana kallon bakinsa. Ta ce, "Shomari, wa ya aiko maka da wannan?"

Na ce, "Kakata, mai labarin."

Ta ce, "Me ka yi mata?"

Na ce, "Me kuwa? Kyauta ce."

Ta ce, "Kai dai namiji ne kawai. A Muheza ta yankin Tanga aka haifi ubanka, amma a aiko maka da kanga, zani mai ɗauke da saƙo, ka duba launi? Mace ta taka da ƙafarta ta je kanti, ta zaɓi wannan cikin ɗari, ka ce kyauta? Zo ka karanta."

Na karanta rubutun da ke bakin zanin: DARIYARKA, KUKANA.

Siwema ta ninke shi ta ce ba za ta ɗaura ba sai ta san abin da ke ciki. Na koma ɗaki na zazzage takardunki. Sai yanzu na ga a ta ƙarshe ba ki amsa min shikamo ba, ba ki zage ni ko sau ɗaya ba. Tun ina yaro na san in Bibi ta daina tsokanarka, to, ka yi laifi, amma murna ta rufe min ido. Sai kuma na sake karanta "ka bar shi a inda yake". Kada ka taɓa shi kike nufi, ni kuwa na ɗauko shi na sa a kan fosta.

Ban san laifin da na yi ba, amma na san na yi. Kowa a danginmu yana ba da labarin nan a gabanki, ke ma kina dariya. Don Allah ki gaya min abin da ban sani ba.

Jikanki,
Shomari

Muheza
29 ga Mayu, 2011

Shomari,

Marahaba. Ina lafiya. Na fara wannan takarda sau huɗu ina yagewa. Ka gode wa yarinyar nan Siwema, uwarta ta yi tarbiyya.

Ban yi fushi da kai ba kamar yadda na yi da kaina. Na saba magana a karkace, irin tamu ta mata, na manta da ɗan birni nake. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma shekara arba'in da huɗu sun isa. Ga abin da ba ka sani ba.

A shekarar nan mu biyu ne a gida, ni da mahaifiyata. Idonta ya tafi shekara biyu kafin nan. Don keken ɗinki na shiga gasar, ba don kambi ba, ita ma ta sani, ita ta ce in je. Da hantsi na ɗora wake a babbar tukunyar ƙasa, na lissafa kafin ya nuna na dawo in zuba masa kwakwa. Na roƙi 'yar wan babana, kakarka Mwanaidi, ta zauna da Mama, ta kula da wuta. Ta ce to.

Unguwa ta watse, kowa ya tafi zaure, kiɗa yana isowa har tsakar gida. Daga baya na ji cewa Mama ce da kanta ta ce mata, "Je ki leƙo min ita, ki dawo ki gaya min yadda rigar ta zauna mata. Ki zama idona." Mwanaidi shekararta ashirin da ɗaya. Ta ce minti biyar za ta yi.

Ina tsaye a kan dandamali, mutumin nan ya yi tambayarsa, na ɗaga kai don in faɗi abin da na haddace game da ilimin mata. Sai na ga Mwanaidi a layi na uku da babanka a baya. In tana nan, wa ke gida? Abin da ya zo bakina shi na faɗa. Ba barkwanci na yi ba, Shomari. Da ita nake magana, ita kuwa dariyar mutane ta ɗebe ta, ba ta gane ba.

Na juya zan sauka, ya riƙe min hannu, na maimaita sau uku, duk kamar yadda ka rubuta. Amma ga wurin da ya fi ci min rai. Riƙon da ya yi min ba mai ƙarfi ba ne, da na fizge da na tafi. Sai na ji matar hedimasta tana raɗa wa ta kusa da ita cewa ai wannan ce ta ci. Na tsaya. Na ce a raina wake ne, in ya ƙone ya ƙone. Na tsaya aka sa min kambi, na tsaya aka yi hoto, na tsaya aka kawo keke. Awa guda cur.

Mama ta ji ƙauri, ta lallaba ta je za ta sauke. Tukunyar ta kife mata a ƙafafu. Mun same ta kwance a ƙofar madafa, ba ta kuka. Da ta ji takuna, abin da ta fara cewa shi ne, "Kin ciyo?" Ta yi kwana ashirin da shida a asibitin mishan, ƙunar ta ruɓe, ta rasu. Dangi suka ce zazzaɓi ne, aka bar shi a haka.

Mwanaidi ce ta riƙa wanke mata ciwon kullum, ba ta bar ni na taɓa ba. Daga nan har ta koma ga Allah ba mu taɓa tada maganar ba. Ta riƙa ba da labarin a kowane biki, kullum tana tsayawa a wajen ɗankwali. Da farko na tsane ta a kan haka. Daga baya na gane iya inda take iya kaiwa ke nan, in ta wuce nan sai ta shiga gidan. Kada ka riƙe ta a zuciya, ni na daɗe da yafewa. Kaina ne ban gama da shi ba.

A kasuwa har yau in na wuce sai wani ya ce, "Bibi, kin sauke wake?" In yi dariya in ce, "Yana nan yana dahuwa." Wannan na iya da shi. Amma in gan shi a kowane gidan kallo, a kowace motar Tanga, yarinya tana tsaye ana riƙe da hannunta, ana kiɗa, fim ya ƙare a nan, ni kuwa na san abin da ke faruwa a gida a daidai lokacin, wannan ne ban san ko zan iya ba.

Mwantumu

Magomeni
8 ga Yuni, 2011

Bibi,

Shikamo. Ina fata ƙafa da sauƙi. Ni lafiyar jiki ƙalau. Allah ya jiƙan Mama, ya jiƙan Bibi Mwanaidi. Ki yafe min.

Na kalli fitowar zauren ni kaɗai bayan na karanta takardarki. Ita ce abu mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata, kuma ban iya kai ƙarshenta ba. Idona yana kan matar da ke layi na uku. Ni na koya mata yadda za ta jefar da ɗankwalin.

Na je wajen Lyimo na ce a cire fitowar. Ban gaya masa dalili ba, sirrinki ne. Ya dube ni ya ce, "In ka cire wake daga Wake a Wuta, me ya rage, hayaƙi? An buga fosta, an sa ranar fitowa. Ka sha wani abu ne?" Na ce to a canza amsar. Ya ce mutum ɗari biyun da suka yi dariya ni zan sake taro su? Ba mugu ba ne, gaskiyarsa ce a wajen sana'a.

Amma fim ɗin bai haɗu ba tukuna, fitowar gida ba a ɗauka ba, Siwema kuma ta ce tana bayana. In na ce na fasa, ba mai iya ƙarasa shi yadda zai sayu. Na san in na yi haka ba furodusan da zai sake kallona a garin nan, zan koma rubuta wa wasu barkwanci, in ma sun karɓe ni. Ba don ki tausaya min na faɗa ba, don ki san na auna ne. Na yi shekara huɗu ina jiran fim, ke kin yi arba'in da huɗu kina dariyar dole.

Kalma ɗaya nake jira. In kin ce a bari, an bari.

Jikanki,
Shomari

Muheza
19 ga Yuni, 2011

Shomari,

Marahaba. Lafiya lau, lemu ya nuna, gari ya cika da motoci. Na sa Kihampa ya kawo maka buhu ɗaya, ka ba Siwema rabi.

Kada ka fasa. In ka kashe fim ɗinka saboda ni, waken nan ya ƙona mutum biyu ke nan. Kuma na zauna na yi tunani a kan keke, inda nake yin tunanina. Amsar nan abin dariya ce, ko na so ko na ƙi. Yarinya cikin labule, da jarida a takalmi, ana maganar gina ƙasa ita tana maganar tukunya. Da Mama tana zauren da ta fi kowa dariya, mace ce mai son raha. Ba dariyar ce ta dame ni ba, inda ake tsayawa ne. Mwanaidi ta tsaya a nan, gari ya tsaya a nan, kai ma ka zo ka tsaya a nan.

Ku masu fim an ce kuna iya sa mutum ya tashi sama, ya mutu ya dawo. To, ni abin da nake roƙo bai kai wannan ba. Ka bar amsar, ka bar dariyar, ka bar maimaitawa uku. Amma bayan ta uku, ka sa ta fizge hannunta. In kambin ya zama dole, su jefa mata shi a ka tana gudu. Ta layi na uku ma ta tashi ta bi ta, da goyonta, ba ɗankwali. Su yi gudu su biyu. Ka sa tsohuwa makauniya a gidan, tana zaune a kan tabarma, ba ta riga ta tashi ba.

Ka bar ta ta isa gida, Shomari. Iyakar roƙona ke nan.

Ba sai kowa ya san dalili ba. Ka sa ya ba da dariya, aikinka ne. Kangan kuwa kada a ɗaura shi a fim, ya gama aikinsa. Ka ajiye, ranar da ka yi aure ka ba matarka ta koya maka karatu.

Bibinka,
Mwantumu

Magomeni
30 ga Yuli, 2011

Bibi,

Shikamo. Muna lafiya, lemun ya ƙare tun tuni. Lyimo ya yi ta ƙorafi, amma da na ce masa za a yi tsere da kambi da goyo, sai ya ce tsere yana sayuwa, ya ba ni kwana biyu. Mun ɗauka a wata gonar lemu a bayan gari. Siwema ta faɗi sau biyu, ta ce kada a yanke. Tsohuwar da ta fito a Mama mai sayar da ƙosai ce a layinmu, ba ta taɓa fim ba, maganar da ta yi a ƙarshe ma ba ni na rubuta mata ba.

Ga faifai na farko da ya fito daga inji. Ban nuna wa kowa a dangi ba. Ina jiran hukuncinki.

Shomari

Muheza
14 ga Agusta, 2011

Zuwa ga angona, mai fim,

Marahaba, marahaba. Ina lafiya, ƙafa ta ce ba ruwa wannan makon. Ina fata ka daina ramewa, tunda yanzu sunanka yana kan bango har a tashar Muheza, ko da yake sun rubuta shi ƙarami kamar kai.

Faifan da ka aiko ya yi kwana goma a ƙarƙashin keke ban taɓa shi ba. Ranar Asabar da la'asar na ji gidan kallo na bakin kasuwa zai nuna, na ce gara in gan shi cikin mutane, yadda aka yi na farko. Na zauna a baya. Wurin ya cika, har da Fatuma Mbelwa da jikokinta, ta ce za ta kai ka ƙara a kan tururuwa, wai ba su kai haka yawa ba.

Yarinyar nan ta fi ni kyau, amma ban yarda ta fi ni tafiya ba. Kurman alƙalinka ya yi. Labulen kuwa namu ya fi naku furanni. Na yi dariya sosai, ta gaske, har na manta abin da ke zuwa. Da aka zo tambayar na riƙe bencin da hannu biyu. Ta faɗa, wuri ya ruɗe, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Sai ta fizge.

Shomari, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ga ta tana gudu cikin itatuwan lemu, takalmi a hannu, jarida tana zuba, kambi ya rufe mata ido ɗaya, ga ɗayar a baya goyo yana ta tsalle, ga mai gabatarwa ya biyo su da keken ɗinki a ka. Mutane suna ta faɗuwa don dariya, ni kuwa ina cewa yi sauri, yi sauri, da ƙarfi, har na gabana ya juyo. Ta banka ƙofa. Tsohuwa tana zaune a kan tabarma. Yarinyar ta sa tsumma ta sauke tukunyar, ta ajiye a ƙasa, lafiya lau. Sai tsohuwar ta shafa kanta, ta taɓa kambin, ta ce, "Au, gasar matankaɗi aka yi?"

Haka Mama za ta ce. Wallahi haka za ta ce. Na zauna na yi kukan da ban yi ba a asibitin mishan, kowa ya ɗauka dariya ce ta sa ni hawaye, na bar su a haka. Na san fim ne, na san ba abin da ya canza a inda take kwance. Amma shekara arba'in da huɗu in na rufe ido a dandamali nake ganin kaina, yanzu kuwa wani lokaci ina ganin hanya.

Da muka fito, mai nama na bakin kasuwa ya hango ni, ya ɗaga murya yadda ya saba, "Bibi Sarauniya, kin sauke wake?"

Na ce masa, "Na sauke."

Ka zo da ƙaramar salla. Zan dafa maka da kwakwa, kai za ka zauna ka kula da wuta.

Matarka,
Mwantumu